Kano ko Abuja: Kafin Ka Ɗaure Kayanka

Ɗan yayata ne ya zo mini da maganar bayan sallar isha'i. Ya zauna a bakin tabarma yana ta juya waya a hannu. Ya gama hidimar ƙasa, yana riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafi a Kantin Kwari, sai ga takardar ɗaukar aiki daga wani kamfani a Abuja, albashin ya kusa ninka abin da yake samu. Ga shi kuma an sa ranar aurensa bayan Babbar Sallah. Ya ce, "Kawu, kai ka zauna can, ka zauna nan. In tafi ko in haƙura?" Ban ba shi amsa a daren ba. Na yi shekara tara a Abuja kafin na dawo gida, kuma na san samari da yawa da ke tsaye a wannan mararraba, shi ya sa na ga gara in baje abin da na sani a faifai, kowa ya ɗauki wanda ya shafe shi.

Garuruwan nan biyu ba haihuwarsu ɗaya ba. Kano tsirowa ta yi. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma har yau ana rini a karofin Ƙofar Mata. Gida da shago da masallaci da makarantar allo duk a cuɗe suke a lungu ɗaya, abin da kake nema taku kaɗan ne tsakaninka da shi. Abuja kuwa a takarda aka zana ta. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da dokar kafa ta, ba a kuma tare ba sai ranar 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida. Sunan ma aro ne daga tsohuwar Abuja ta Haɓen Zazzau, wadda ta koma Suleja. Waɗanda suka zana ta sun ware wa ofisoshi wurinsu, gidaje wurinsu, kasuwa wurinta, suka sada su da manyan tituna. Gari ya yi kyau ƙwarai, sai dai an gina shi ne da zaton kowa yana da mota. Yawancin bambancin da zan ambata daga nan ya taso.

Muhalli ne ke cinye albashi, don haka da shi zan fara. In an ce an ba ka aiki a Abuja, ofishin yana Wuse ne ko Garki ko Maitama ko tsakiyar birni, amma kai ba can za ka kwana ba. Sabon ma'aikaci Kubwa yake nufa, ko Lugbe, ko Dutsen Alhaji, ko Nyanya da Karu. In aljihu bai kai ba ya tsallaka Mararraba da Masaka, waɗanda a jihar Nasarawa suke, ko Madalla da Suleja a jihar Neja. Kuɗin haya na shekara ake biya a dunƙule, wani mai gidan ma na shekara biyu zai nema, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. Kafin albashin farko ya shigo, mutum ya ci bashin da zai shekara yana biya. Lokacin da nake can, abin da nake zubawa a ciki da falo a Kubwa ya isa ya kama mini gida mai tsakar gida da rijiya a Ɗorayi ko Sheka. A Kano kuma sau da yawa ango ba ya ma fara da haya: a gyara masa ɗakunan soro ko a yanka masa gefe a gidan gado, ya yi shekara biyu ko uku yana tara na fili.

Sai zirga-zirga. Mutumin Mararraba da ke son isa ofis ƙarfe takwas, yana idar da asuba yake fita, don in ya bari gari ya waye, cunkoson Nyanya zuwa mahaɗar AYA zai riƙe shi har hantsi. Da yamma a sake. Na san magidanta da 'ya'yansu ba sa ganinsu a farke sai Asabar. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, Keke Napep ma ba ta hawa manyan tituna, don haka marar mota sai ya tsaya bakin hanya yana ɗaga wa ƙananan motoci hannu, a cusa huɗu a baya. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota kaɗai ya zama wani haya na biyu. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka farfaɗo da shi a 2024, yana taimakon mutanen Kubwa da masu zuwa filin jirgin sama, amma bai leƙa ɓangaren Nyanya da Mararraba ba, inda talakawan suka fi yawa.

Ba wai Kano ba ta da nata cunkoson ba. Wanda ya taɓa maƙalewa a Bata ko 'Yankura ko Kurna da la'asar, rana tana dukansa, hayaƙi yana shiga idonsa, ba zai yi wa garin ƙaryar sauƙi ba. A nan ma an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai Adaidaita Sahu ta mamaye tituna. Sunan nata daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ya fito, ko da yake tuƙin wasu direbobin ya yi hannun riga da sunan. Amma duk tsiyarta, tana kai ka har bakin lungunku, kuma daga Kwari mutum yana iya zuwa gida ya ci abincin rana ya komo. Wannan a Abuja sai mai hali.

A nan dole in yi wa Abuja adalci, don Kanawa muna da saurin raina abin da ba namu ba. Garin yana da tsabta da tsari da ba mu da su. A unguwannin cikin birni ka buɗe famfo ruwa ya zo daga madatsar Usuma. Mu nan unguwanni da yawa 'yan garuwa ne hukumar ruwanmu, in mai kura bai zo ba a kwana da ƙazanta. Can akwai bishiyoyi da duwatsu da sarari, damina tana da tsawo, iska tana da daɗin shaƙa. Nan kwata tana toshewa da leda, ruwan Agusta ya shiga ɗakuna, zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, a kwana a tsakar gida ana fifita. Mai ciwon asma ko wanda hayaniya ke hana shi tunani zai ji Abuja kamar an sauke masa kaya. Wutar lantarki kuwa kowanne gari da unguwar da ake ji da ita da wadda aka manta, ba zan ba ɗaya maki a kan ɗaya ba.

Batun ciki ba ya buƙatar dogon bayani. Hatsi yana Dawanau, kayan miya suna 'Yankaba, kayan masarufi suna Singa, 'ya'yan itace suna 'Yan Lemo. Da yawa daga abin da ake ci a Abuja ta nan arewa yake bi kafin ya isa can, kowane hannu ya ɗora ribarsa, mai mota ya ɗora nasa. A Kano ɗan canjin da ke aljihunka zai saya maka gurasa bandashe ko ɗanwake ko waina da miya ka wuni. A Abuja za ka samu kilishi mai kyau a Area 1, da tuwo a wuraren 'yan arewa, amma farashin zai tuna maka inda kake. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar albashi: mai shagon unguwarku a Kano ya san mahaifinka, in wata ya yi nisa za ka ce ya rubuta, ya rubuta. A Lugbe sai ka shekara kafin wani ya yarda ya ba ka bashin sukari.

To, me ya sa mutane ke tafiya duk da haka? Saboda akwai ayyukan da sai a can. Ma'aikatun tarayya, Majalisar Dokoki, ofisoshin jakadanci, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje, hedikwatar hukumomi, manyan lauyoyi da masu kwangila, duk can suka taru. Wanda ya karanta harkar mulki ko shari'a ko tattalin arziki, ko yake son a san shi a fagen da takarda ke magana, shekara biyar a Abuja za ta buɗe masa ƙofofin da shekara goma sha biyar a Kano ba za ta buɗe ba. Zai zauna ofis ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi da Bagwari, Turancinsa ya goge, tunaninsa ya faɗaɗa. Ni kaina abin da na koya a can na iya mu'amala da wanda ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ban koye shi a makaranta ba, kuma ina gode wa Allah da shi.

Kano kuwa garin kasuwa ce. Ba a banza ake mata kirari da ko da me ka zo an fi ka ba. Kwari, Sabon Gari, Wambai, Farm Centre, Ƙofar Ruwa, 'yan canjin Wapa: a wuraren nan yaro yana farawa da ɗaukar kaya da jiran shago, ubangida ya ga amanarsa, bayan shekaru ya yaye shi da jari. Mutanen Nijar da Chadi da Kamaru suna zuwa sari. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da yawa sun durƙushe, aikin albashi mai tsoka ya yi ƙaranci, wannan gaskiya ne. Amma a Kano albashi ba shi kaɗai ne ƙafar da mutum ke tsayawa a kai ba. Malamin makaranta yana da shago, ma'aikacin banki yana da hannu a hatsi. Kuma wanda ya faɗi a Kano a kan mutane yake faɗawa. Wanda aiki ya kuɓuce masa a Abuja, wata uku ya yi yawa mai gida ya fito masa da kaya. Ban manta da samarin da na riƙa gani a can ba, sun zo da babbar riga ɗaya da takardu a leda, suna kwana a ɗakin aboki, kullum suna ƙofar gidan wani ɗan majalisa ana ce musu Oga bai tashi ba. Duk wanda zai tafi Abuja ba da aiki a hannu ba, ina roƙonsa ya sake tunani.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi jan hankalin ɗan yayata, ko da yake da kunya ya kawo shi. Ya ce abokansa da ke can kullum suna ɗora hotuna, yau a sinima, gobe a bakin tafkin Jabi, jibi sun haɗu da wane. Ban ga laifinsa ba. Mutum ba don ci da barci kaɗai yake zaune a birni ba.

Kowanne gari da irin manyan da ake gani a cikinsa. A Abuja masu mulki ne taurari. Za ka ji jiniya, a tsayar da ku, ayarin baƙaƙen motoci ya wuce, wani ya ce minista ne, wani ya ce gwamna ne ya shigo gari. Ranar Juma'a a Masallacin Ƙasa kana iya sallah sahu ɗaya da fuskar da ka saba gani a talabijin, haka a filin jirgi, haka a harabar otal ɗin Hilton. Makon farko abin yana burgewa. Daga baya za ka lura gani ne kawai: tsakaninka da shi akwai gilashi mai duhu da ɗan sanda. A Kano taurarin 'yan fim ne da mawaƙa da malamai da attajirai, kuma a cikin mutane suke. Titin Gidan Zoo nan ne cibiyar 'yan Kannywood, ofisoshinsu da ɗakunan haɗa sauti suna benayen da ke wajen. Ka tsaya sayen tsire ka waiga ka ga wanda jiya ka kalla a waya yana jiran nasa. Wata rana ka dawo unguwa ka tarar an tare lungu ana ɗaukar fim a gidan maƙwabci, yara sun hau katanga. Malamin da dubban mutane ke sauraron tafsirinsa a rediyo, kana iya zuwa masallacinsa ka yi masa tambaya baki da baki. Attajirin da ake labarin dukiyarsa, za ka gan shi a jana'iza ya tsuguna a ƙasa kamar kowa. A ganina wannan ya fi wancan daraja nesa ba kusa ba, domin ganin babban da za ka iya gaisawa da shi yana sa yaro ya ji shi ma zai iya zama wani abu.

Sinima kuwa, a nan Abuja ta yi gaba, kuma dalilin yana da tarihi. Kano ta san majigi tun zamanin Turawa. An buɗe Rex tun shekarun 1930, kuma da aka gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950 malamai sun yi ca a kai. Daga baya aka samu su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba. Filaye ne marasa rufi, sai duhu ya yi ake haskawa, fina-finan Indiya da na Sin ne suka fi tashe, kuma maza ne ke cika su. Iyayenmu sun ɗauki sinima matattarar 'yan iska, macen da aka gani a can kuwa sunanta ya ɓaci. Wannan tabon bai gama gogewa ba har yau. Bayan dawo da shari'a a 2000 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, kuma a 2016, da gwamnatin tarayya ta so gina dandalin shirya fina-finai a Kofa, adawar malamai da jama'a ta sa aka fasa. Tsofaffin gidajen sinimar yawancinsu sun zama tarihi. Da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014 aka samu sinimar zamani a ciki, mai kujeru da sanyi, aka riƙa haska sababbin fina-finan Hausa musamman da Sallah, har miji ya ɗauki matarsa su je. Amma zuwa sinima bai zama al'adar gari ba.

Abin mamakin shi ne garin da ke ƙyamar sinima shi ne garin da ke yin fim. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin bidiyo na Hausa tun 1990, kuma sunan Kannywood ya riga Nollywood fitowa. Kanawa suna kallo sosai, a gida suke yi. Da kaset ne da faifai daga Ƙofar Wambai. Da satar fasaha ta kashe wannan kasuwa sai aka koma wajen masu tura fim a waya, sannan masu dogon zango a YouTube da Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Daren da sabon kashi ya fito, matan gida da 'yan mata da yara suna kewaye da waya ɗaya ko talabijin ɗaya, gobe kuma a yi ta muhawara a gidan biki da cikin Adaidaita. Samari kuma gidan kallon ƙwallo ne sinimarsu, benci da janareta da ihu, ko su tafi filin wasa na Sani Abacha ranar da Pillars ke gida.

A Abuja akwai Silverbird da Genesis da ta Jabi Lake Mall. Ka sayi tikiti da gugguru, ka zauna cikin sanyi, ba mai kallonka, ba mai kai rahotonka gida. Miji da mata su je, 'yan mata su je su kaɗai, ba wanda zai ce uffan. A can ake yin bikin fina-finai na Zuma, na Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024. Sai dai abin da ake haskawa kullum na Amurka ne da na Kudu, fim ɗin Hausa sai jefi-jefi. Kuma a lissafa: daga Kubwa ko Karu zuwa can da dawowa, tikitin mutum biyu, ɗan abin taɓawa, kuɗin cefanen kwanaki ya tafi. A shekara tara da na yi, zuwana sinima bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ba don ba na so ba. Hotunan da abokai ke ɗorawa na ranar Asabar ɗaya ne a wata; sauran ranakun ba a ɗaukarsu hoto. Abin da na fi mora a can shi ne Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003: ka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, yara su yi ta gudu. Irin wannan fili Kano tana matuƙar buƙatarsa, don in ka cire Gidan Zoo da 'yan wuraren wasan yara na kuɗi, iyali ba su da inda za su sha iska.

Dare ma daban ne. A Kano bayan isha'i gari yake sabon tashi: majalisa a ƙofar gida, teburin mai shayi, rediyo tana ta shirye-shiryen siyasa, sojojin baka suna ta fafatawa, kowa yana sharhi. Ba ka biyan ko sisi kafin ka samu abokin hira. A Abuja hira ma sai an sa mata rana, kuma yawanci a lambunan shaƙatawa ake yinta, inda ake gasa kifi, ana kuma sayar da giya a fili. Wanda ya tashi a inda Hisbah take zai ga abin baƙo. Wasu wannan sakewar suke nema, wasu ita ce ke ɓatar da su. Mutum ya san halinsa kafin ya tafi inda ba mai ce masa bari.

Da Sallah kuwa ba a haɗa su. Abuja wayam take zama, tituna kamar an share, kowa ya tafi garinsu. Kano kuwa lokacin take cika ta batse: Hawan Sallah, Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, dawaki da algaita da 'yan bindiga da 'yan baka, abin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Rikicin masarauta ya sa an hana hawan a wasu Sallolin baya-bayan nan, kuma wannan ya yi wa mutanen gari ciwo ƙwarai. Duk da haka yawon Sallah gida-gida yana nan. Mazaunin Abuja kuma kowace Sallah sai ya yi lissafin hanya, fiye da kilomita 400 ta Kaduna da Zariya, a kan titin da aka fara gyara tun 2018. Jirgin ƙasa daga tashar Idu ta Abuja yana tsayawa ne a Rigasa ta Kaduna, daga nan sai mota. Harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 yana zukatan masu bin hanyar har yanzu.

Tsaro a cikin gari kowa da nasa ciwon. Kano tana fama da ƙwacen waya da faɗan daba, akwai lungunan da ba a fito da waya bayan magariba. Abuja tana da 'yan wan-cans, ka shiga mota a zaton ta haya ce ashe ɓarayi ne, sannan an sha satar mutane a gefen gari, wajen Bwari musamman. Bambancin shi ne a Kano ka san unguwar da za ka kauce wa tun kana yaro, a Abuja kuwa baƙo ne kai, sai ka koya.

Na bar maganar iyali a ƙarshe don ita ce ta dawo da ni gida. Amaryar da aka kai Abuja, miji ya fita da asuba ya dawo bayan isha'i, ita kaɗai ce a ɗaki, maƙwabta kowa ƙofarsa a rufe. Ranar haihuwa ba uwa, ba gwaggo, ba mai dafa ruwan wanka, sai an ɗauko wata daga gida. A Kano kuwa dangi har sai sun yi yawa: biki, suna, dubiya, gudummawa, ga sa-ido, ga ƙananan maganganu. Na san matan da suka ce a Abuja suka fara samun kwanciyar hankali da mazajensu, don ba mai shiga tsakani, kuma mace mai aikin ofis ko mai son ƙaro karatu ta fi sakewa a can. Saboda haka wannan ba hukuncin miji shi kaɗai ba ne. A tambayi yarinyar, a kuma saurari amsarta. Yara kuma, makarantun Abuja masu kyau suna da kyau sosai, kuɗinsu ma haka. Islamiyya akwai, amma sai ka ɗauka a mota ka kai, ba kamar nan da yaro zai rataya jaka ya bi 'yan uwansa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da na kawo 'yata gida hutu, kakarta ta yi mata magana, yarinyar ta juyo ta tambaye ni da Turanci me take cewa. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na kuma halarci jana'iza a maƙabartar Gudu inda ba mu cika sahu biyu ba, mamacin kuwa mutumin kirki ne, ranar aiki ce kawai, kowa yana ofis.

Bayan kwana uku na kira ɗan yayata. Na ce ya koma wa kamfanin da tambaya uku: za su ba shi wurin zama ko kuɗinsa, akwai motar ma'aikata, kuma aikin na dindindin ne ko na kwantiragin shekara? Na ce ya ɗauki takarda ya cire haya da kuɗin mota da na zuwa gida sau uku a shekara daga albashin, ya kwatanta abin da ya rage da abin da yake samu a Kwari, ya kuma tuna ubangidansa ya fara yi masa maganar ba shi kaya ya juya. In da gida a ciki, kuma aikin yana da matakalar hawa, ya tafi, ya yi shekara huɗu ko biyar, ya sayi fili a Kano tun shekarar farko, kada kuma ya saki hannun ubangidan nasa. In babu gida, ninkin albashin nan suna ne kawai, ya zauna. Da aikin gwamnatin tarayya ne mai fansho, da na ce ya tafi ko da a Masaka zai kwana. Da kuma bai da kowa a kasuwa, da lissafin ya sauya.

Ya ce, "Kawu, to sinimar fa?" Na ce in ya zauna, ranar da ya samu sarari ya ɗauki amaryarsa su hau jirgi daga Rigasa, su yi kwana biyu a Abuja, su kalli fim, su zaga tafkin Jabi, su sayo mini kilishin Area 1. Jiya ya aiko mini saƙo cewa kamfanin sun ce babu gida, amma akwai motar ma'aikata daga Kubwa, kuma ranar Juma'a zai je gidan su yarinyar su yi maganar.